Littafi, kati, taswirar bango ko manhaja: me za a saya don koyar da suna a Turanci?

Malamin da zai koyar da azuzuwan kalmomin Turanci a firamare ko ƙaramar sakandare, da uban da ke son taimaka wa ɗansa a gida, duk abu huɗu ko biyar suke tararwa a kantin littattafai: littafin nahawu, littafin aikin gida, babbar takardar nan mai hotuna da ake mannawa a bango, katunan kalmomi, sai ƙamus. Yanzu kuma an ƙara manhajar waya. Kuɗi ba ya isa a kwashe duka, don haka sai an san ma'aunin da za a gwada su da shi.

Ma'aunin shi ne inda ɗan Bahaushe yake tuntuɓe. Cewa noun sunan mutum ne ko wuri ko abu, wannan yaro yana haddace shi a darasi ɗaya. Wahalar tana gaba. A Hausa muna cewa shawara da shawarwari, bayani da bayanai, kaya da kayayyaki, sai yaro ya rubuta advices, informations, furnitures, alhali Turanci bai yarda a ƙirga waɗannan ba. Muna cewa littafi uku ba tare da mun jam'inta shi ba, sai ya rubuta three book. Kowane suna tilo a Hausa namiji ne ko mace, shi ya sa mota take komawa she, tebur ya koma he. Muna cewa rigar Audu, abin mallaka a gaba mai shi a baya, Turanci kuwa ya juya ya ce Audu's gown. Ga kuma a da an da the, waɗanda ba su yi daidai da wani, wata ko ɗafa-ƙeyar nan ta "yaron" da "motar" ba. Duk abin da za a saya, a tambaye shi: nawa daga cikin waɗannan biyar ɗin ya taɓa?

Taswirar bango ita ce ta fi jan ido, ita ce kuma ta fi ƙarancin amfani. Yawancinsu jerin azuzuwan kalmomi takwas ne, kowanne da ma'anarsa da misali biyu. Mako biyu bayan an manna ta yara sun daina ganinta, wanda ke bencin baya ma bai taɓa iya karanta ta ba. Guda ɗaya ce ta cancanci kuɗi, wato mai jera jam'in da ba ya bin ƙa'ida: child da children, foot da feet, mouse da mice, sheep da ba ya canjawa. Wannan haddar ido ce, bango yana yin ta. A ɗauki mai rufin leda, domin ta takarda zalla damina ɗaya take yi.

Littafin nahawu shi ne ginshiƙi, a nan ya kamata mai saye ya ɓata lokaci. Akwai tsofaffin da aka rubuta don masu koyon Turanci ko'ina a duniya, irin Brighter Grammar na Eckersley da Macaulay mai juzu'i huɗu, wanda malamai da yawa da shi suka tashi. Bayaninsu gajere ne, atisayensu da yawa, amma ba su san Hausa ba, don haka ba za su gargaɗi yaro kan kiran mota she ba. Akwai kuma littattafan Najeriya da ke bin manhajar karatu ta NERDC, hukumar gwamnati da ke tsara abin da za a koyar a makarantu. Su sun dace da abin da za a tambaya a jarrabawar shiga sakandare da ta kammala aji uku na ƙaramar sakandare, sai dai nahawu a cikinsu yanki ne kawai tsakanin karatun fahimta da insha'i, wani lokaci shafi ɗaya da rabi a kan suna gaba ɗaya. Makaranta ba ta da zaɓi, dole ta riƙe mai bin manhajar karatu. Mai koyarwa a gida ko a darasin yamma ya fi cin riba da na nahawu zalla.

Kafin a biya, a buɗe babin suna a tsaye a kantin. A nemi sashen sunaye masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa. Idan misalansa sun tsaya a water da sugar da sand, littafin bai yi aikin komai ba, domin ruwa da sukari ba sa ruɗa kowa. Wanda ya kawo luggage, equipment, news, bread, ya kuma nuna yadda ake cewa a piece of advice da a loaf of bread, shi ne ya san ciwon. Sannan a ƙirga tambayoyin atisaye. Ƙasa da ashirin a kan batu ɗaya ba ya zaunar da ƙa'ida a kan yaro. A duba irinsu ma: "ja layi a ƙarƙashin suna" yana da sauƙin maki amma yaro yana cinye shi da canki-canka, wanda ke sa shi ya gyara jimla ko ya cike gurbi da much ko many shi ne ke tona abin da ya sani. Iyayen da Turancinsu bai yi ƙarfi ba kada su ɗauki littafin da babu amsoshi a bayansa.

Wani abin da ke haɗa rigima shi ne sayen littattafai biyu masu saɓani. Tsohon tsari yana lissafa azuzuwa takwas, yana kiran my da this sifa. Sabon tsari ya ware musu aji na daban mai suna determiner. Duka biyun daidai ne, amma yaro ɗan shekara tara ba zai ɗauki wannan ba. A bi wanda makarantarsa ke bi. Haka ma rubutun Ingila da na Amurka, colour da color: makarantunmu na Ingila suke koyarwa. A kuma kaɗa shafukan a ga ko lambobinsu sun cika, domin bugun sata ya yi yawa a kasuwa, ana gane shi da dusashewar tawada da takarda mai shara-shara.

Ƙamus na malami ne kafin ya zama na yaro. Wanda ake so shi ne na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, saboda yana sa harafin C a gaban suna mai ƙirguwa, U a gaban marar ƙirguwa, ya kuma nuna inda kalma ɗaya take yin duka biyun, kamar paper takarda da a paper jarida. Ƙananan ƙamusoshin aljihu galibi ba su da wannan alama, sayensu don wannan darasi asara ce. Tsohon bugu na hannu ya wadatar, furniture bai canja hali ba. Ƙamusun Turanci zuwa Hausa yana ba da ma'ana, aikinsa daban ne. Ɗaliban Nijar, da ke fara Turanci a sakandare bayan Faransanci, sun fi kowa bukatar alamar U, domin Faransanci ma yana jam'inta shawara da bayani kamar Hausa.

Katunan kanti kuwa, mu a ganinmu, gara a bar su. Fakiti ɗaya ba ya isar aji, hotunan kuma sau da yawa na abubuwan da yaro bai taɓa gani ba ne. A sayi farin kwali da maka baƙa da ja. Kwali ɗaya idan aka ninke shi sau huɗu yana ba da kati 16. Ajin yara 60 a raba shi rukuni goma na shida-shida, kowane rukuni kwali biyu, kati 32 ke nan. A rubuta suna ɗaya a kowane kati da baƙi, a baya kuma jam'insa da ja, marar jam'i a ja masa layi. Yara su ware katunan kashi biyu, sannan su juya su duba kansu. Rabin kalmomin su zama na tarko irin waɗanda aka ambata a sama, in ba haka ba wasan ya zama na banza. A ɗaure kowane fakiti da kyauro, a rubuta lambar rukuni a kusurwar kowane kati, don ranar da suka cakuɗe.

Manhajar waya tana da abu ɗaya da takarda ba ta da shi, wato murya. Yaro zai ji bambancin pan da fan, wanda harshenmu ke haɗewa, ya kuma ji yadda ƙarshen cats da dogs da boxes yake fita iri uku. Don wannan ba sai an biya kuɗin wata-wata ba, shafukan ƙamusun Oxford da Cambridge na intanet suna furta kalma kyauta. Idan za a sauke manhaja, a gwada ta da data a kashe tukuna, a kuma ga ko talla na katse atisaye. Ga ajin da wayar malami ce kaɗai, ƙaramar sifika mai caji ta fi manhajar kuɗi amfani.