An ƙwace waya: a bi ta Google ko a kai IMEI wajen masu tirakin?

Hajiya, sannu da wannan jarabawa. Allah ya mayar miki da mafi alheri, mun kuma gode masa da abin ya tsaya a kan waya, ba su taɓa lafiyarki ba. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: an fizge mata Tecno ɗinta jiya da yamma tana cikin Adaidaita Sahu, kuma layin da take karɓar alat ɗin banki da WhatsApp ɗin da take cinikin atamfa duk suna ciki. Ƙaninta ya ce a kai lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, wajen wani mai tirakin (mai bin sawun waya) da ya nemi kuɗin aiki tun kafin ya fara, 'yarta kuma ta ce a shiga Google a nemo ta kyauta. Tana son sanin wanne ya fi.

Zan jera miki su biyun, amma akwai abin da ya riga su. Idan ba ki yi shi ba tun jiya, ki ajiye karatun nan ki yi shi yanzu: ki rufe layin, ki rufe asusun banki. Mai ƙwacen waya a yau sau da yawa ɗan guntun sim ɗin ya fi jikin wayar daraja a wurinsa. Zare shi yake yi ya sa a ƙaramar waya mai madannai, wadda ba ta tambayar zanen yatsa ko lambar sirri, nan take saƙonnin banki su fara shigo masa. Ya san bankinki, ya san abin da ke ciki, ya nemo BVN ɗinki ta layin, sai ya shiga sayen kati da data, ko ya gwada canja lambar tiransifa. Wasu har bashi suke ci da sunan mai layin a manhajojin ba da rance, sai daga baya a zo ana bin baiwar Allah kuɗin da ba ta san da su ba. Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya, don haka 300 ce lambar kiransu, ko MTN ne ko Airtel ko Glo. Ki ari wayar wani mai irin layinki ki kira, ki ce an sace, a dakatar da shi. Bankuna da yawa kuma suna da lambar gaggawa da ake bugawa daga kowace waya a kulle asusu, ta Zenith *966*911#, ta Access *901*911#. In naki wani bankin ne, lambar kiransu tana bayan katin ATM ɗinki.

To, yanzu mu zo kan hanyoyin biyu.

Hanyar 'yarki ita ce wadda aka sani da Find My Device, wadda Google ya sauya wa suna zuwa Find Hub a 2025. Mabuɗinta yana hannunki, ba ki buƙatar izinin kowa. Ki buɗe android.com/find a wayar 'yarki, ki sa Gmail ɗin da ke kan wayar da aka sace da kalmar sirrinsa. A nan ne mutanenmu da yawa suke cijewa, domin yaron shago ne ya buɗe musu imel ɗin ranar da suka sayi wayar, bai rubuta musu kalmar sirrin ba, su ma ba su tambaya ba. Idan haka ta faru da ke, ko Google ya ce zai turo lambar tabbatarwa ta layin da aka sace, sai kin je kin yi welkom-bak da lambar NIN ɗinki kafin ƙofar ta buɗe. Wannan ma wani dalili ne na hanzarta zuwa ofishin kamfanin layin yau.

Hanyar ƙaninki kuwa mabuɗinta ba ya hannunki, ba ya hannun mai tirakin ɗin ma. IMEI lamba ce mai alƙaluma 15 da aka yi wa kowace waya tun daga masana'anta, mai sim biyu tana da guda biyu. Ana ganin ta idan aka buga *#06#, tana kuma jikin kwalin wayar. Kamar lambar da aka buga a jikin injin babur take: idan an kama babur ɗin za ta shaida naki ne, amma riƙe ta a takarda ba ya nuna miki lungun da aka ɓoye shi. Waɗanda suke ganin motsin IMEI kamfanonin layi ne kaɗai, domin duk lokacin da waya ta kama sabis tana sanar da ƙarfen sabis lambarta. Su kuma kamfanonin ba sa ba wa mutum wannan bayani don ya nema, hukumomin tsaro suke ba wa ta hanyar doka. Saboda haka mai tirakin ɗin da ke zaune a shago, ko dai yana da wani a ciki da zai duba masa ta bayan fage, ko zai karɓi Gmail ɗinki ya yi abin da 'yarki za ta yi kyauta, ko kuma ya cinye kuɗin ya riƙa ce miki wayar a kashe take. Shafukan intanet da ke cewa sa IMEI ka ga wayarka a taswira kuwa, ƙarya ce tsagwaronta, kar ki ba su ko sisi.

Babban bambancin da nake so ki riƙe shi ne lokacin da kowacce take aiki. Ta Google ta awannin farko ce. Tana gani ne idan wayar tana kunne, tana da data ko Wi-Fi, kuma an bar Location a buɗe. In an dace za ki ga ɗigo a kan taswira, da sauran cajin da ya rage mata, da lokacin da aka gan ta na ƙarshe. Tun watan Afrilun 2024 Google ya ƙara wata dabara, wayoyin Android da ke kusa suna iya jin ta ta Bluetooth su kai rahoton wurin ko da babu data a kanta, abin da ya fi amfani a wuri mai cunkoso irin kasuwa ko tasha. Amma ɓarawon da ya san aikinsa kashe ta yake yi kafin ya sha kwana, kuma Tecno ba ta magana idan an kashe ta. Da zarar an kai ta an yi mata filashin, wato an goge manhajarta an sa mata sabuwa, idon Google ya rufe ke nan.

Daidai wurin da ta Google ta makance, nan ta IMEI take fara gani. Filashin yana goge Gmail da hotuna, amma yawanci ba ya taɓa IMEI. Ranar da aka sayar da wayar, wanda ya saya ya sa layinsa, kamfanin layi zai ga sabuwar lamba ta hau kan tsohuwar waya, kuma layin yana da rajista da NIN. Wannan na iya ɗaukar mako biyu, yana iya ɗaukar watanni, yana iya kuma ƙin zuwa gaba ɗaya, idan an wargaza wayar an sayar da gilashi da batir daban-daban, ko an yi wa lambar kutse an canja ta, ko an tsallaka da ita Maraɗi ko Damagaram inda layukan Najeriya ba sa ganin ta. Ki kuma sani, wanda ake kamawa ta wannan hanya galibi wanda ya saya ne a hannu na biyu ko na uku, daga shi ake bin sawu a koma baya. Abin tausayi ne ka ga magidanci a caji ofis yana rantsuwa bai san ta sata ba ce, alhali wayar da babu kwali babu rasit ya saya don ya ga araha.

Wajen nuna wuri ma ba ɗaya suke ba. Google yana amfani da GPS da Wi-Fi, a fili yana iya nuna gida ko layin shaguna, a cikin bene ko rumfunan kasuwa kuma da'irar takan yi faɗi. Ƙarfen sabis unguwa yake nunawa, ba ɗaki ba, shi ya sa jami'ai suka fi dogara da sunan mai sabon layin da mutanen da yake kira.

Batun kuɗi a bayyane yake. Ta Google kyauta ce. Ta IMEI akwai zirga-zirga, akwai ranakun da za ki rufe ciniki, akwai abin da za a ce ki kawo na aiki, kuma ba wanda zai ba ki tabbacin za a samu. Ki lissafa nawa wayar za ta yi a kasuwa a yau yadda take, ba nawa kika saye ta ba, kafin ki fara zuba kuɗi.

Akwai kuma abin da ta Google kaɗai take iya yi, kuma a wurina shi ya fi gano wurin muhimmanci: tsare abin da ke cikin wayar. IMEI ba ta kare hoton 'ya'yanki, ba ta kare lambobin kwastomominki. A shafin Google za ki ga zaɓi uku. Na farko yana sa wayar ta yi ƙara na minti biyar ko da a sailan take. Wannan na wadda ta shige ƙarƙashin kujera ne, kar ki taɓa shi a kan wayar sata, don sanar da ɓarawo kawai za ki yi cewa ana bin sa. Na biyu yana kulle ta, har ki rubuta saƙo da lambar da za a kira a fuskar wayar. Ki danna shi yanzu ko da tana kashe, umarnin zai jira har ranar da ta hau intanet. Na uku yana goge komai, kuma bayansa ba za ki sake ganin ta a taswira ba. Shawarata: idan da ma akwai lambar sirri mai ƙarfi a kanta, ki kulle ki ba shi 'yan kwanaki. Idan kuwa a buɗe take, ko zanen nan ne mai siffar L da kowa a gida ya sani, ki goge yau, kar ki yi jinkiri. Ki dai sani gogewar ba lallai ta kai ga memori kad ba. Kuma kada ki cire wayar daga asusun Gmail ɗinki, domin shi ne yake sa ta nemi imel ɗinki bayan an goge ta. Wasu masu filashin suna iya tsallake wannan shinge, amma ba dalili ba ne na buɗe musu ƙofa da hannunki.

Masu iPhone a cikinmu, naku ya ɗan fi ƙarfi ta nan. Ta icloud.com/find ake shiga, kuma daga iPhone 11 zuwa sama yawanci ana iya ganin ta na wasu awanni ko bayan an kashe ta. Makullin Activation Lock da Apple ya kawo a 2013 yana da wuyar karyawa, shi ya sa ɓarayin suke komawa yaudara: bayan kwana biyu sai saƙo ya shigo wai daga Apple, an ga wayarka, latsa nan ka sa kalmar sirri. Duk wanda ya sa, shi ya buɗe musu da kansa.

Hanyoyin biyu suna haɗuwa a wuri guda. Idan kwalin ya ɓata, Hajiya, a shafin nan na Google akwai alamar saiti kusa da sunan wayar, in kin taɓa za ki ga IMEI ɗin. Ki kwafe ta, ki ɗauki hoton taswirar idan ta nuna wani abu, ki haɗa da rasit ki kai ofishin 'yan sanda ki shigar da rahoto a rubuce. Ko ba a samo wayar ba, takardar za ta tsaya miki idan aka aikata wani laifi da layinki. Ina roƙon ki da girman Allah, idan ɗigon ya nuna wani gida, kar ƙaninki ya tara abokai su tafi. A Kano an sha rasa rai a kan waya, waɗannan yaran da wuƙa suke yawo.

Don haka amsata ita ce ki bi ta 'yarki yau, ki kai IMEI hannun hukuma ki bar ta tana jira, mai tirakin ɗin da ya nemi kuɗi a gaba kuma ki ba shi haƙuri, musamman idan ya ce ki ba shi kalmar sirrin Gmail ɗinki.

Da kin karɓo layin, ki sa WhatsApp a wata wayar. Lamba shida za ta shigo ta saƙo, kina sa ta za a fitar da wanda ke riƙe da tsohuwar. Kafin nan, 'yarki ta sanar da kwastomominki da dangi cewa duk wanda ya ga saƙo da sunanki ana neman kuɗi ko ana ba da sabuwar lambar asusu, ba ke ba ce. Bayan kin kulle wayar ki canja kalmar sirrin Gmail da ta Facebook.

Sabon sim ɗin kuma, kafin ki bar ofishin ki ce su nuna miki yadda ake sa masa PIN. Lamba huɗu zuwa takwas ce, kuma duk wayar da aka mayar da shi sai ta tambaya kafin ya kama sabis, ko saƙo ɗaya ba zai shigo ba. Ki tambaye su lambar farko da ya zo da ita, kar ki yi ta gwaji, domin kuskure uku yana rufe shi sai an sa PUK, wadda take rubuce a jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. Ki adana katin nan a gida tare da kwalin sabuwar wayar da takardar da kika rubuta Gmail ɗinki da kalmar sirrinsa. Idan sabuwar wayar Android 10 ce ko sama, ki duba Theft protection a cikin saitin Google ki kunna, ita ce take kulle waya da kanta idan ta ji an fizge ta an ruga, sai dai ƙananan wayoyi masu Android Go ba su da ita.