Anki da haddar kalmomin Turanci: abin da na gani

Duk mai karanta Turanci da ƙamus a gefe ya san wannan takaicin. Ka duba kalma yau, ka gane ta sarai, bayan sati biyu ka sake cin karo da ita a wani rubutun, ka san kun taɓa haɗuwa, amma ma'anar ta gudu. Ni aikina na karanta dogayen rahotanni ne da Turanci, kuma akwai kalmomi irin su "mitigate" da "ubiquitous" da na yi ta dubawa har na fara jin kunyar ƙamus. Abin da ya kai ni ga Anki ke nan, kuma mun daɗe tare.

Manhaja ce ta katuna. A gaban kati tambaya, a bayansa amsa. Wani mai suna Damien Elmes ne ya fito da ita a 2006. Kyauta ce a kwamfuta, haka ma AnkiDroid ta wayoyin Android, wadda 'yan sa-kai ke kula da ita. Ta iPhone kaɗai ake saya. Ba ta buƙatar intanet sai in za ka haɗa katunan wayarka da na kwamfuta ta hanyar shafinta na AnkiWeb. A kula wajen saukewa, don akwai wasu manhajojin da suka ari sunan alhali ba su da alaƙa da ita.

Hikimarta tana cikin lokacin da take dawo maka da kati. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta lafa. Saboda haka bitar da ta fi amfani ita ce wadda aka yi daf da lokacin da abu zai suɓuce. Anki ta ɗauki lissafinta na asali daga tsarin SM-2 da Piotr Woźniak ya rubuta wa manhajarsa SuperMemo a 1987. Idan kati ya fito, ka tuno amsar a ranka, ka juya, sai ka danna ɗaya daga maɓallai huɗu: ka manta, ka tuna da ƙyar, ka tuna, ko ya yi maka sauƙi. Wanda ka tuna zai dawo gobe, sai bayan kwana uku, sai sati guda da wani abu, tazarar tana ninkuwa kusan sau biyu da rabi kowane karo, har ta kai watanni. Wanda ka manta kuwa ya koma baya. Daga 2023 masu Anki sun ƙara sabon lissafi mai suna FSRS, wanda ke duba tarihin bitarka ya auna yadda kai kanka kake mantuwa. Sai ka shiga saiti ka kunna shi da kanka, kuma ina ba da shawarar a kunna, don ni dai ya rage min maimaicin kalmomin da suka riga suka zauna.

To amma ga inda mutane da yawa ke yin karo. Anki ba malama ba ce. Ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba, abin da ka zuba mata shi take dawo maka da shi. Akwai dubban tarin katuna da wasu suka haɗa suka ɗora kyauta, wasu na kalmomin jarrabawar IELTS da TOEFL, wasu na Oxford 3000, wato jerin muhimman kalmomin Turanci na masu koyo, kuma kwaɗayin sauke su yana da ƙarfi. A ganina yawancinsu ba su da amfani ga mai son fahimtar karatu. Kalma a gaba, ma'ana guda a baya, shi ke nan. Alhali kalmomin Turanci da aka fi amfani da su, su ne mafi yawan fuskoki. Ɗauki "charge". A kotu tuhuma ce, a wurin ciniki kuɗin da aka caje ka ne, a waya cajin batir ne, a ofis kuma wanda yake "in charge" shi ke riƙe da ragama. Wace za ka sa a bayan kati? In ka sa duka huɗun, kullum za ka tuna uku ka manta ɗaya, ka rasa maɓallin da za ka danna.

Abin da ya yi min aiki shi ne haɗa katunana da kaina, daga abin da nake karantawa. Na kwafi jimlar da na tsinci kalmar a ciki, ita ce gaban kati. A baya sai in rubuta ma'anar da ta dace da wannan jimlar kawai, a taƙaice, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da sauƙaƙan Turanci daga ƙamus na masu koyo. Idan na sake haɗuwa da kalmar da wata fuskar, ta sami sabon kati. Akwai kuma nau'in katin cike gurbi, inda manhajar ke ɓoye kalmar ta bar maka sauran jimlar. Wannan ya fi wuya, amma shi ne ke sa kalma ta zo baki lokacin rubutu, ba wai ka gane ta a takarda kawai ba. Ana iya saka sauti ma, kuma ga kalmomi irin "colonel" da "subtle", waɗanda rubutunsu da furucinsu ba sa ga maciji, ban ga dalilin barin sa ba.

Haɗa kati ɗaya yakan ci minti ɗaya ko biyu. Mutane suna ganin ɓata lokaci ne. Ni kuwa na lura rabin koyon a nan yake faruwa, lokacin da kake zaɓar ma'anar da ta dace kana ajiye sauran.

Sai maganar yawa. Saitin da manhajar ta zo da shi sababbin katuna 20 ne a rana, kuma littafin bayaninta da kansa ya ce mai bin wannan adadi ya sa ran bitar katuna kusan 200 kullum. Ga ma'aikaci ko ɗalibi mai wasu darussan, wannan nauyi ne. Ka tsallake kwanaki kaɗan ka tarar da ɗaruruwa suna jiranka, kuma Anki ba ta yafe bashi. Ni na tsaya a ƙasa da goma. Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya, kuma lissafin ma yana goyon baya: masanin harshe Paul Nation ya ƙiyasta cewa ana buƙatar dangin kalmomi (wato kalma da sauran siffofin da suka fito daga gare ta) 8,000 zuwa 9,000 kafin a karanta jarida ko littafin labari ba tare da tuntuɓe ba, amma 2,000 na farko sun riga sun ɗauke kaso mafi girma na kowane shafi. Wanda ya wuce wannan matakin, kalmomi biyar ko bakwai a rana sun ishe shi ya ga canji cikin shekara. Mai karatun jami'a kuma ya nemi jerin da masaniyar harshe Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000, mai dangin kalmomi 570 da suka cika rubuce-rubucen ilimi, ya riƙa lura da su a karatunsa.

Kyan gani dai babu. Fuskarta a bushe take, shafin saiti cike yake da kalmomin da sabon shiga ba zai gane ba, babu wasa, babu tafi, babu tsuntsun da zai riƙa tunasar da kai irin na manhajar Duolingo. Yaro ko wanda bai fara haɗa jimla da Turanci ba, gara ya fara da wani abu daban.

Akwai wani ɗan abu da nake so a cikinta. Katin da ka manta har sau takwas, manhajar takan yi masa alama, in ka zaɓi hakan a saiti ma ta janye shi gefe, wato ta gaya maka matsalar daga katin take. Nawa da suka fi faɗawa wannan rami su ne irin "put off", "put up with" da "put out", don na haɗa su a lokaci ɗaya suka yi ta cakuɗewa a kaina. Yanzu ɗaya nake sakawa, in bar shi ya yi wata guda yana zagayawa kafin in kawo ɗan'uwansa.