Tsohuwar NAS ta cika: a sauya faifai, a haɗa na waje, ko a sayi sabuwa?

Duk mai tsohuwar NAS, wato akwatin ajiyar fayiloli da ake jona wa rauta, ta kamfanin Synology mai gurbin faifai biyu, irin su DS212j da DS213j da DS215j, wata rana zai ga jan gargaɗi cewa wuri ya ƙare. Kafin ka fitar da ko kwabo, duba lambar samfurin da ke jikin akwatin, domin ita za ta gaya maka iyakar abin da na'urar za ta iya ɗauka.

Iyaka ta farko ta ƙwaƙwalwar sarrafawa ce. Waɗannan samfura duk masu bit 32 ne, don haka rumbu guda, wato wurin ajiyar da na'urar ke ginawa a kan faifan, ba ya wuce TB 16 komai girman faifan da aka saka. Ta biyu ta manhajar ciki ce, wato DSM. DS212j ta tsaya a DSM 6.2, wadda kamfanin ya daina yi wa gyaran tsaro a 2024. DS213j da DS215j sun kai 7.1, amma 7.2 ba ta hau kansu.

Hanyar da ta fi dacewa da yawancin mutane ita ce sauya faifan ciki da manya. Idan tsarin RAID 1 ne ko SHR, faifai ɗaya madubin ɗaya ne, saboda haka girman rumbun daidai yake da na ƙaramin cikinsu. Wanda ya saka TB 8 guda ɗaya ya bar tsohon TB 2 bai ƙaru da komai ba. Dole a sayi biyu, kuma TB 8 zai bayyana a allo kusan 7.3, wannan bambancin lissafi ne kawai.

A nan ne ake yawan yin asara. Faifai iri biyu ne, CMR da SMR. Na SMR yana jera layukan rubutu wani kan gefen wani kamar jinkar kwano, don haka idan aka tsananta masa rubutu na sa'o'i sai ya yi nauyi ƙwarai, har na'urar ta iya ɗauka ya mutu ta fitar da shi ana tsakiyar gini. A 2020 aka gano cewa wasu WD Red masu TB 2 zuwa 6 na SMR ne. Nemi na CMR, wanda layukansa ba sa hawa juna, kamar WD Red Plus ko Seagate IronWolf ko Toshiba N300. Masu juyi 5400 a minti sun fi dacewa da ƙaramin akwati mai fanka ɗaya, musamman a ɗakin da ke zafi a watan Afrilu. Idan na hannu ne, kada ka biya sai an nuna maka bayanan SMART, wato rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa: lamba 9 sa'o'in aiki ce, lamba 5 da 197 kuwa su kasance sifili.

Jerin aikin yana da muhimmanci. Fara kwashe komai zuwa wani faifai daban, domin yayin gini tsohon faifai guda ne ke riƙe da dukiyarka, kuma ana karanta shi daga farko har ƙarshe, lokacin da raunin da ya ɓoye yake fitowa. Sai ka yi wa tsofaffin dogon gwajin SMART. Waɗannan samfuran masu j a ƙarshen lambarsu ba a zare musu faifai suna kunne: kashe, zare murfin, kwance sukurori, sauya guda ɗaya tak, kunna. Za ta yi ta ƙara, wannan daidai ne. Shiga Storage Manager ka danna Repair. TB 2 a gudun MB 100 a daƙiƙa ya kai sa'a biyar da rabi, kuma waɗannan ƙananan na'urori kan wuce haka. Sai ya nuna lafiya lau za ka taɓa na biyu, bayan nan ne ƙarin wurin zai fito. Inda ake ɗauke wuta ba sanarwa, kada a soma ba tare da UPS, wato batirin riƙe wuta, mai igiyar USB ba, wanda zai sa na'urar ta tsayar da rubutu kafin batir ya ƙare.

Faifan USB na waje ya fi araha, amma ba ya haɗuwa da rumbun ciki, kuma ba shi da madubi. Ya dace da kwafi na biyu ko tsofaffin bidiyo, ba da takardun ofis ba.

Batun sabunta DSM kuwa, a yi shi kafin sauya faifai, a bar na'urar ta yi kwana biyu ana lura da ita. Ba a tsallakawa zuwa 7 sai an bi ta 6.2, kuma babu hanyar komawa baya a hukumance. Sauko da fayil ɗin .pat na ainihin samfurinka, ka fitar da kwafin saituna daga Control Panel tukuna. DSM 7 ta maye gurbin manhajar hotuna ta Photo Station da Synology Photos, ta daina karɓar sandar Wi-Fi ta USB, kuma tana zuwa da SMB1, tsohuwar hanyar raba fayiloli tsakanin na'urori, a kashe, abin da ke sa tsohuwar na'urar sikana ko talabijin ta daina ganin fayilolin da ke cikin NAS ɗin. Da RAM na MB 512 za ta yi aikin ajiya, amma kada a ɗora mata manhajoji da yawa.

Idan taka ta tsaya a 6.2, ko kana buƙatar fiye da TB 16, kuɗin ya fi amfani a sabon akwati kamar DS223. Ana iya ɗauke faifan a mayar cikinsa da bayanansu, sai dai za su zauna a tsohon tsarinsu na jera fayiloli, wato ext4. Mai son sabon tsarin Btrfs sai ya gina sabon rumbu ya kwafo ta waya. Wanda kuma ya zaɓi riƙe tsohuwar, ya kashe QuickConnect, hanyar shiga na'urar daga nesa ta intanet, ya rufe duk ƙofar da ya buɗe mata a rauta, ta yi aiki cikin gida kaɗai.