Tsohon masunci ko manhajar waya: wa ya fi sanin kukan tsuntsu?

Masu son shiga fadamar Argungu sauraron tsuntsaye sun yawaita tambayata: su nemi rakiyar tsohon masunci, ko manhajar Merlin, mai gane tsuntsu daga kukansa, ta wadatar?

Ta fuskar kuɗi, Merlin kyauta ce, data da caji kawai take ci. Masunci kuwa sai ka ba shi na goro, in za ku shiga kwalekwale ka ƙara.

Sai dai manhajar ta fi ƙwarewa a tsuntsayen Amurka da Turai. Namu sau da yawa shiru take yi. Shi kuwa Baba, da asuba in kukan tsuntsu mai kama da fito ya taso daga cikin shinkafa, kafin ka waiga ya ce kirinjijiya ce, wata irin agwagwar ruwa, ya nuna maka inda garken ya kwana. Kuna tafe yana gaya maka zuwan shamuwa alamar damina ce. A Yawuri ma ya san gurbin da dorina take, abin da waya ba za ta gargaɗe ka ba. Amma fa wani lokaci yakan haɗa da camfi, sai ka tace.

Ɗalibi mai neman sunan kimiyya da adana murya, ya riƙe manhaja. Baƙon fadama, musamman mai shiga ruwa, ya bi masunci.