Mota mai ƙofa biyu ga ɗan jami'a a Damagaram: ta ci kuɗinta kuwa?

Duk yaron da aka ce masa nemi mota ka faɗo kuɗinta, ko dai Alhaji ne ya yi alkawari bayan an ci bak, ko wani ɗan gado ne ya faɗo, ko yaya na can waje ya ce zai turo, abu na farko da idonsa ke zuwa kai shi ne kupe. Wato motar nan mai ƙofa biyu, mai kwanciya a ƙasa, mai ƙugi idan an taka. Ni ban ga laifinsa ba, motocin nan suna da kyau wallahi, kuma idan ka faka ta a bakin Jami'ar André Salifou sai an waiwayo. Amma ƙanena kafin ka tura ko dala ɗaya zauna mu yi lissafi, don kuɗin da dillali ya faɗa maka a waya shi ne mafi sauƙi a cikin duk abin da motar za ta ci maka.

Mu fara da ƙasa, don nan ake yin ta. Toyota GT86, wadda kupe ce, tsakanin cikinta da ƙasa wajen santimita 13 ne, Corolla ta ɗara ta kaɗan, RAV4 kuma tana kusa da 19. A takarda ka ce ai bambancin ba yawa, to amma ba a takarda za ka tuƙa ta ba. A kan gudron na tsakiyar gari lafiya lau, sai dai gidajen nawa ne a kan gudron? Ka shiga lungunan Birni ko Garin Malam ko Kara-Kara, nan yashi ne mai zurfi, can dutse ne ya leƙo daga ƙasa (garin namu ai bisa duwatsu yake zaune), ga tudun rage gudu da ake ginawa wani kamar katanga, ga ramukan da ruwa ke bari duk damina. Mota mai kwanciya kullum cikinta na gugar ƙasa, yau bamban gaba ya tsage, gobe salansa ta lotsa, ranar da dutse ya samu tukunyar baƙin mai ta ƙasan inji kuma ba ka lura ba ka ci gaba da tafiya, shi ke nan inji ya tafi. Ga kuma tayoyin. GT86 tana zuwa da 215/45 R17, siririyar roba a kan babban ƙarfe, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya kumbura gefenta ko ya lanƙwasa ƙarfen. Corolla kuwa 195/65 R15 take sawa, wadda duk mai faci ya sani, kuma ko ta hannu kake nema ba za ka rasa ba.

Sai mai. Gaskiya mu nan da sauƙi idan aka duba maƙwabta, matatar SORAZ tana nan arewa da gari a hanyar Tanut tun 2011, kuma a 2024 an sauke litar isansi zuwa sefa 499. To mu ɗauka kana yin kilomita 600 a wata, zuwa karatu da dawowa da ɗan yawon yamma da leƙa Mirriya wani lokaci. Kupe mai V6, wato inji mai silinda shida, a cikin gari da kilim a kunne, ka sa mata lita 13 a kilomita 100, lita 78 ke nan, kusan jika 39. Corolla a kan lita 8, wajen jika 24. Babur mai 125 a kan lita 2 da rabi, jika 7 da rabi. Yanzu ka tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne. Wato man motarka kaɗai ya kusa cinye albashin magidanci na wata guda, kai kuma ɗalibi ne mai jiran bursu wadda ba kullum take faɗowa kan lokaci ba. Kuma kar ka ce ai zan riƙa kashe kilim, a watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, mota ce ƙarama mai kwantaccen gilashi, da yawansu baƙar kujerar fata gare su, za ka kunna ko kana so ko ba ka so.

Ba a gama ba. Akwai asurans, akwai binyet, akwai bisit teknik, kuma na farkon biyun da ƙarfin injin da aka rubuta a kart giris, wato takardar mota, ake lissafa su, babban inji babban kuɗi. Akwai bidanji, wato canjin baƙin mai, wanda a ƙurar nan tamu ba a jan sa, da hunturu ma matatar iska sai ka riƙa kaɗe ta akai-akai. Waɗannan kowace mota na biyan su, na sani, sai dai na kupe ya fi nauyi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kayan gyara, kuma a nan ne kupe ɗin suka rabu gida biyu. Akwai waɗanda ƙofa biyu ce kawai ta bambanta su da motar gida, inji da giya duk iri ɗaya ne da na 'yar uwarsu mai ƙofa huɗu. Toyota Solara misali, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2008, Camry ce aka sauya wa riga. Scion tC ta farko injin Camry 2.4 ne a cikinta, sai dai wannan injin na wasu shekarun, wajen 2007 zuwa 2009, ya yi suna wajen shan baƙin mai, don haka a duba hayaƙi da kyau. Honda Civic da Accord masu ƙofa biyu su ma haka, injinsu na kowa ne, amma Accord V6 otomatik ta farkon shekarun 2000 giyarta ta sha ba mutane kunya, gara mai silinda huɗu. Sai Peugeot 406 Coupé, wadda Pininfarina na Italiya ya zana kuma ya harhaɗa tun 1997, ni dai a ido babu wadda ta kai ta a cikinsu duka. Kayan injinta da na ƙafa da yawa na 406 ne da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, don haka makanikanmu sun san ta. Amma jikinta nata ne ita kaɗai. Ranar da ɗan kabu-kabu ya fasa maka fitilar baya ko ya lotsa ƙofa, ta 406 ta gida ba za ta shiga ba, sai ka aika Kano, kilomita kusan 240, a zaga Ƙofar Ruwa, in an dace a samu, in ba a dace ba a ce sai an tambayo Legas. Wannan matsalar ta jiki duk 'yan gidan nan suna da ita, Solara ma gilashin ƙofarta da fitilunta ba na Camry ba ne.

Gida na biyu kuwa su ne na gaske, kuma su ne nake ce wa ɗalibi ya kauce. BMW E46 kupe daɗin tuƙi kam ba magana, amma kayan sanyaya injinta da yawa roba ce, tankin ruwa da wuyan lagireto da sauransu, idan suka tsufa tsagewa suke, kuma injin nan ba ya yafe zafi ko sau ɗaya. Ta ƙarshe a cikinsu 2006 aka yi ta, ka lissafa shekarunta da kanka. Mercedes CLK ita ma ta tsufa, wutar lantarkinta sai mai kwamfuta wanda ya san ta. GT86 da ta fito a 2012 injin Subaru ne a kwance a cikinta, doki 200, canza fulogi kaɗai aiki ne, kuma mai mai kyau take so ba na kwalba a bakin titi ba. Mustang da Genesis Coupe ban ma tsaya kansu ba. Irin waɗannan idan suka tsaya, makaniki zai kwance ya ajiye a kwali ya ce a jira kaya, wata biyu motar na garaji awaki na kwana a ƙarƙashinta, kai kuma ka koma tare kabu-kabu da makullin BMW a aljihu.

Wani ƙaramin abu da ba a faɗa: kupe da yawa ƙofarsu ba ta da firam a saman gilashi, roba ce kawai ke riƙe shi. Idan rana ta busar da robar, ƙura shiga take, ruwa ma haka.

Sannan akwai gida. Ka san dai a wurinmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce, ranar da ta shigo ta zama ta dangi. Inna za ta asibiti, Gwaggo za ta biki a Matamaye, an sayi buhun hatsi a Kasuwar Dole a ɗauko, famfo ya ɗauke a je a ciko jarkoki. Yanzu ka duba, ka kwantar da kujerar gaba ka ce wa Hajiya mai ciwon gwiwa ta sunkuya ta kutsa baya da mayafinta, ko ta zauna gaba a kujerar da ta kusa taɓa ƙasa sannan a kama ta a ɗaga. Sau ɗaya za a yi, magana ta kai kunnen Alhaji. Wasu samarin za su ce ai wannan shi ne amfanin kupe, ba mai aiken ka. Haka ne, amma wanda ba a aike shi ba, ba a ba shi na mai, kuma galibi wanda ya sayi motar shi ne mai aiken.

Sayarwa fa? Karatun lisansi shekara 3 ne, daga nan ko mastar a Yamai, kilomita kusan 900, ko bautar ƙasa, ko neman aiki, ko maganar aure ta taso a ce a sayar da mota a haɗa lefe. Corolla ko Yaris ko ma tsohuwar Starlet, ka sa a status da safe kafin la'asar an fara kira, mai taksi na so, malamin lakwal na so, ɗan kasuwa na so wa uwargida. Kupe kuwa mai sayenta saurayi ne irinka, kuma saurayi irinka ba shi da kuɗi a hannu, sai "ina zuwa" da "rage mini". Asarar da za ka yi ranar sayarwa ita ma cikin kuɗin motar take.

To me za a saya? In dai tambayar ita ce zuwa karatu da dawowa a cikin Damagaram, babur ya fi duka. Kasea ko Haojue ko Boxer sabo fil, da kuɗin da bai kai na gyaran giyar kupe ɗaya ba wani lokacin, ya shiga kowane lungu, kowane mai gyara ya san shi, ragowar kuɗin ka sayi kwamfuta mai kyau ka ja jari ko da na sayar da waya ne. Aibinsa a fili yake, rana da ƙura da haɗari da ɓarayi, don haka hular kwano da sarƙa dole ne ba ado ba. In kuwa mota ce lallai, ko don 'yar uwa ce ɗaliba da gida ba sa son ta hau babur, to Corolla ko Yaris, mai giyar hannu in an iya, don gyaranta ya fi araha. Ba ta burge kowa, na yarda, amma da safe za ta tashi.

Wanda kuma zuciyarsa ta kafe a kan ƙofa biyu, kuma akwai mai ɗaukar nauyin mai da gyara ba tare da an taɓa kuɗin karatu ba, to ya tsaya a gidan farko: Civic kupe, ko Accord mai silinda huɗu, ko Solara 2.4. Ya bar tayoyin kamfani yadda suke, kar a saukar da ita ƙasa, kar a huda salansa don ƙugi. Kuma kar a yi cinikin biri a sama, hoton WhatsApp ba mota ba ne. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 motocin da a da ke bi ta Kwatano da Gaya sun koma zagaye mai nisa ta Lome, abin da ya sa wasu suke waiwayar Kano, to in daga can za ta shigo a sa kuɗin duwan cikin lissafi tun farko, a kuma ga takardu da ido, lambar shasi mai harufa da lambobi 17 ta yi daidai da wadda ke jikin motar. Da yawa daga masu fitowa Amurka a gwanjon motocin haɗari aka saye su aka gyara, kupe kuma ba dattijai ne ke tuƙa su a can ba, don haka a duba ko fenti ya bambanta daga wannan ɓangare zuwa wancan, a duba ko fitilar erbag na kunnuwa ta mutu yadda ya kamata idan an murza makulli. A je da makanikinka, ba na dillali ba, a tayar da ita da safe injin na sanyi, a hau da ita kan rami a leƙa cikinta, sannan a bar ta a kunne da kilim minti 20 cikin rana ana kallon allurar zafi. Daga ƙarshe ka ce wa mai ita za ka gwada ta har ƙofar gidanku, ta hanyar da za ka riƙa bi kullum, da mutum uku a ciki.