Sharhi kan tafet na zallar ƙarfe bayan barin na haidirolik

Injin motata tsohon Chevrolet ne mai silinda 8, wanda ake kira 350, kuma da tafet na haidirolik ya fito daga masana'anta. Tafet shi ne ƙarfen da ke zaune a kan tudun kamshaf (sandar da ke juyawa don buɗe bawul ɗin injin), yana isar da turin tudun zuwa ga bawul. Da lokacin sabunta shi ya zo, na zaɓi tafet na zallar ƙarfe tare da kamshaf ɗin da aka ƙera dominsu, saboda kowane kamshaf ana sassaƙa tudunsa ne daidai da irin tafet ɗin da zai hau kansa.

Na haidirolik yana ɗauke da ƙaramin fistin da sifirin da ƙwallon da ke hana mai komawa baya, don haka baƙin mai yana cika shi, shi kuma ya toshe ratar da ke tsakanin roka (hannun ƙarfen da ke danna bawul) da kan bawul da kansa, ko injin ya yi zafi ko ya huce. Dabara ce tsohuwa, domin Cadillac ta sa irinta a injinta mai silinda 16 tun 1930. Rauninsa yana bayyana ne idan juyin injin ya haura wajen 6,000 a minti, inda yakan cika da mai fiye da kima har ya hana bawul zama daram a mazauninsa, sai ƙarfin injin ya zube a daidai lokacin da ake nemansa. A nan na ga amfanin sauyin da na yi, domin yanzu injin yana hawa ba tare da wannan sanyin jiki ba, kuma yana amsa totur nan take. Wannan ne dalilin da ya sa Chevrolet ta sa na zallar ƙarfe a Camaro Z/28 ta 1967.

Sai dai akwai wahalar da mai saye ya kamata ya sani tun da wuri. Dole ne a riƙa buɗe murfin bawul lokaci-lokaci ana saita tafet, sau da yawa injin yana da zafi kamar yadda takardar kamshaf ta tanada. Ana zura fila geji, wato siririn ƙarfen auna rata, tsakanin roka da kan bawul, a ɗaure noti a hankali har sai ƙarfen ya wuce da 'yar tirjiya, sannan a maimaita wa bawul 16 ɗaya bayan ɗaya, yatsu suna shan zafi. Ratar da ake nema a nawa ba ta wuce kusan rabin milimita ba, amma lafiyar injin ta rataya a kanta. Idan ta yi faɗi, ƙara da cin ƙarfe za su biyo baya. Idan ta matse, bawul ɗin hayaƙi ba zai zauna sosai ya sauke zafinsa a mazauninsa ba, ƙarshenta ya ƙone. Na fi tsoron matsewar, domin ita ba ta yin ƙarar da za ta faɗakar da direba.

Ko an saita tafet na zallar ƙarfe daidai, suna yin ƙas-ƙas kamar keken ɗinki, sautin da ni nake jin daɗinsa amma yakan gundiri fasinja a doguwar tafiya. Kuma tunda masu shafaffen gindi ne, suna buƙatar baƙin mai mai isasshen sinadarin zink.

Ga wanda yake kai injinsa can sama kuma ba ya ƙyashin riƙe sifana, ina ba da shawarar su ba tare da shakka ba. Ga motar zirga-zirgar yau da kullum kuwa, wadda da wuya juyinta ya kai 4,000, ban ga ribar da za ta biya wannan ɗawainiya ba. Wanda ƙarar tafet ɗinsa na haidirolik da safe ta sa yake tunanin sauyawa, ya fara duba yawan mai da kaurinsa, ya yi juye ya canza filta, domin sau da yawa datti ne ya maƙale wa ƙwallon ciki, ko kuma mai ne ya tsiyaye cikin dare, wanda yake sake cika bayan 'yan daƙiƙu da tayar da injin.