Yaya, kafin ka turo kuɗin a-kori-kurar nan

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Hajiya. Ka ce mata man zafin da ta yi magana yana hannuna, zan ba wanda zai taho gida ƙarshen wata.

Saƙonka na murya ya iso tun ranar Talata. Ban amsa a tsaye ba saboda magana ce ta kuɗi masu nauyi. Ka ce tsohuwar a-kori-kurarka ta gaji, kana so in duba maka ɗaya a gwanjon nan Amurka, irin ƙattin da kake gani a hoto, ta riƙa ɗauko masara daga Giwa da Soba zuwa Sabon Gari. To, ka san tun ina yaro a garejin Kawu na Tudun Wada aikin bodi na koya, kuma shi nake yi a nan Columbus ta jihar Ohayo. Inji ba fannina ba ne, ba zan yi maka ƙarya a kansa ba. Amma bodi da ƙofa da sakata, waɗannan kullum hannuna na cikinsu, sai ka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Da farko ka cire Hilux daga lissafi, babu ita a ƙasar nan. Tun 1995 Toyota ta daina sayar da ita a Amurka, ta kawo Tacoma a madadinta. Akwai kuma harajin kashi 25 cikin ɗari da suka ɗora wa irin waɗannan motoci idan daga waje aka shigo da su, tun 1964 yake nan, shi ya sa kasuwar ta zama ta Ford da Chevrolet da Ram, sai Toyota da Nissan da ke haɗa nasu a nahiyar. F-150 ta Ford ita ce sarauniyar titi. Girmanta ya wuce yadda kake zato. Ni dai ban ga yadda za ta juya a lungun gidanmu na cikin birni ba, sai dai ka riƙa ajiye ta a bakin Ƙofar Doka ka ƙarasa da ƙafa.

Babban ciwon motocin yankin da nake shi ne tsatsa, kuma gishiri ke kawo ta. Idan sanyi ya shigo dusar ƙanƙara ta rufe hanya, hukuma kan bi tituna tana watsa gishiri don ƙanƙarar ta narke. Wannan ruwan gishirin taya ke fesawa cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota, wata huɗu ko biyar a kowace shekara. Ba ta sama yake farawa ba. Yana shiga ta kusurwar bayan gidan direba, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da bakan da ke saman tayoyin baya, ya zauna a inda ramukan fitar ruwa suka toshe da laka. Daga ciki yake ci. Ranar da ka ga fenti ya yi ƙuraje kamar ƙyanda, aikin gama ya riga ya gama, ka danna da sukundireba ta wuce. Mota za ta zo mana tana sheƙi, kujeru kamar ba a taɓa zama ba, mu ɗaga ta sama mu ga shasi na zubar da ɓawo kamar busasshen ɓawon rogo. Kyan ɗan maciji ke nan. Kuma a hoton gwanjo saman suke nunawa.

Kada ka ce sharrin mai gyara ne. Toyota da kanta, a 2008, ta yi ta sayen tsofaffin Tacoma na 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su saboda shasi ya ruɓe, har tana biyan ninki ɗaya da rabi na kimar motar. A 2016 kuma aka yi sulhu a kotu na kimanin dala biliyan 3.4 a kan Tacoma da Tundra da Sequoia na wasu shekarun, duk dai a kan tsatsar shasi. Idan ka tuna 504 ɗin marigayi Baba, haɗin Kaduna, wadda ta yi shekara da shekaru tana zirga-zirgar Maƙarfi, ƙasan ta bai taɓa yin irin abin da nake gani a nan ba. Busasshiyar iskarmu rahama ce ga ƙarfe, mu ne ba mu sani ba.

Sai maganar sakata, wadda ita ce ta fi cin lokacina. Ƙofar baya ta a-kori-kura, wadda ake saukewa a yi lodi, hannu ɗaya gare ta a tsakiya. Daga hannun nan wasu siraran sanduna biyu ke tafiya hagu da dama, kowace ta je ta ja bakin sakatar gefenta. Abin da ke riƙe sandunan a jikin hannun wani ɗan maƙalin roba ne da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Idan ya tsufa ya karye, sai ka ja hannu gefe ɗaya ya saki, ɗayan ya ƙi. Mai ƙarfin hali ya fizga, ya karya hannun ma gaba ɗaya. Robar kanta ba ta da tsada ko kaɗan. Kuɗin aikin ne bala'i, don a wurin dillalin kamfani awa ɗaya ta haura dala 100, kuma ko minti ashirin aikin ya ci ba a kyauta za a yi maka ba. A garejin Kawu da waya za mu ɗaure ta, mai mota ya ba yara na abinci ya tafi. Na taɓa yin haka a makon farko da na fara aiki a nan, ogan wurin ya kira ni gefe ya ce idan ƙofar ta buɗe a kan babbar hanya kaya suka zubo aka yi haɗari, lauya garejinsa zai nufa. Tun daga ranar ban sake ba.

A nan ne zan yaba musu. Idan aibin daga masana'anta ne kuma ya shafi rai, doka ta tilasta wa kamfani ya aika wa kowane mai mota takarda, ya gyara ba tare da karɓar ko sisi ba. A 2004 General Motors ta kira motoci kimanin miliyan 4 saboda wayoyin ƙarfen da ke riƙe ƙofar baya idan an sauke ta suna tsatsa su tsinke, mutum na tsaye a kai ya faɗo. Aka canza su da na ƙarfen da ba ya tsatsa. A 2017 Ford ta kira sama da miliyan 1.3, F-150 na 2015 zuwa 2017 da wasu manyan, domin ruwa na shiga sakatar ƙofa ya daskare, ko wayar ciki ta lanƙwashe, ƙofa ta ƙi buɗewa, ko kuma ta yi kamar ta rufu alhali ba ta kama ba. Ram ma sau biyu, 2018 da 2022, kowane karo sama da miliyan 1, a kan ƙofar baya da ke iya buɗewa ana cikin tafiya. Akwai shafin hukumar kiyaye haɗurra tasu, NHTSA, da za ka zuba lambar shasi mai harafi da lamba 17, nan take ya nuna maka ko akwai gyaran da motar ke bin kamfani bashi. Sai dai Yaya, wannan gatan iyakarsa bakin teku. Ranar da mota ta sauka Legas, babu mai aiko maka takarda Zariya. Idan ba a yi gyaran kafin ta hau jirgi ba, ciwon ya zama naka.

Daskarewar ƙofar nan na ɗanɗana ta da kaina, a wata tsohuwar motar wurin aikinmu. Da asuba na buɗe na shiga, na ja ƙofa ta dawo, na sake ja ta sake dawowa. Bakin sakatar ya ƙame a buɗe. Haka na tuƙa har gareji, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya riƙe da ƙofa, ina ta tuna yaran mota na tashar Kwangila. Wannan dai ba zai same ka ba, sanyin hunturunmu bai kai nan ba. Namu ciwon ƙura ce. Tana haɗuwa da giris ɗin cikin sakata ta zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu, bakin ya daina komawa da kansa. Kuma abin da muke yi, mu ɗura baƙin mai a kai, ƙara kiran ƙurar yake yi. Wankewa ake yi da kananzir tukuna, ya bushe, sannan a shafa giris kaɗan.

Abin da ya fi damuna da sababbin shi ne komai ya koma lantarki. Ƙofar baya yanzu tana kulle tare da sauran ƙofofi idan ka danna makulli, akwai ƙaramin inji a cikinta, akwai kyamara a jikin hannun, wasu ma da kansu suke sauka. Dalilin kullewar, satar ƙofar baya sana'a ce a nan, don cire ta ba ya buƙatar ko sifana, ɗagawa ne kawai a zare. To ka ɗauki wannan ƙofar ka kai ta hanyar ƙauye da damina, ruwa da gargada, ga buhu na bugunta ta ciki. Ranar da injin kullewar ya mutu a kulle, da masara a ciki, wa zai buɗe maka? Kuma a layin 'yan kayan Beljiyam na Sabon Gari, hannun ƙofar Hilux ko ido rufe za a miƙo maka, na Ram kuwa sai an yi waya Legas, watakila a ce ka jira kwantena.

F-150 tana da nata ƙarin. Daga ƙirar 2015 bodinta alminiyom ne, shasi kawai ya rage ƙarfe. Sun rage mata nauyi da kusan kilo 300, kuma ba ta yin jar tsatsa, wannan gaskiya ne. Amma ba a gyara ta yadda muka saba. Kusoshin ribit da wani irin gam mai ƙarfi ne suka haɗa ta. Alminiyom idan ya lotsa ba ya son komawa, ka matsa masa da guduma ya tsage, ka sa masa wutar kabaid ya narke ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba. A garejinmu ɗaki daban aka ware mata da kayan aikinta daban, saboda ko garin ƙarfe ya taɓa ta yana haddasa ruɓewa ƙarƙashin fenti. Ina girmama masu bugun bodinmu, na ga Kawu ya miƙar da motar da a nan da tuni an kai ta bola. Su a nan ba sa bugu sosai, cirewa suke yi su sa sabo, inshora ta biya. Hannun Kawu ya fi na duk wanda nake aiki da shi. Amma ka kai masa alminiyom, ƙarshenta bodi-fila zai cika wurin, damina biyu ya fashe.

Sannan ka yi wa kanka adalci a kan irin lodin da muke yi. Yawancin masu a-kori-kura a nan, bayan motarsu fanko yake yawo, sai dai katako biyu ranar hutu ko kare. Mu kuwa buhu kan buhu, mutane a zaune a kan gefuna. Nauyin nan ke buɗa gefunan akwatin waje, ƙugiyoyin da sakata ke kamawa su yi nisa da ita, shi ya sa kake ganin kowace tsohuwar mota a gida da igiya ko robar tub a ƙofar baya. Ba sakatar ce ta lalace ba, akwatin ne ya buɗe. Takin zamani ma yana cin ƙasan akwati kamar yadda gishiri ke yi a nan, musamman idan buhu ya fashe ruwa ya taɓa shi. Haka fitsarin dabbobi idan an yi jigilar ragunan Sallah. Idan ka ɗauko taki, a wanke ranar, kada a kwana.

Ƙofar direba ta tsohuwar motarka da ka ce tana sauka sai ka ɗaga ta kafin ta rufu, ba sai an canza ƙofa ba. Fil ɗin hinji ne da zoben tagullar da yake juyawa a ciki suka cinye. Ka buɗe ta rabi, ka ɗaga ta daga ƙarshe, za ka ji tana wasa. Idan aka bar ta haka tana bugun ƙugiyar jikin ginshiƙi har ta tsaga wurin. Ka auna min fil ɗin ka turo, ko ka kai wa masu injin tani su fitar maka da wani.

Ra'ayina dai, kuɗin da za ka zuba a gwanjo da jirgi da kwastan, ka nemi Hilux mai lafiya a nan gida, wadda za ka kwanta ƙarƙashinta da tocila ka duba da idonka. Yawancin motocin gwanjon nan inshora ce ta sallama su, wasu haɗari, wasu ambaliya, kuma wadda ruwa ya sha ta fi kowacce iya yaudara. Idan kuwa ranka ya kafe a kan ta Amurka, to sharaɗina huɗu ne: ta fito daga busassun jihohi irin Arizona, ba Ohayo ko Mishigan ba, bodin ƙarfe, ƙofar baya ta hannu, kuma ni zan je in gan ta a ɗage kafin a biya ko dala ɗaya. Zai ɗauki lokaci, kada ka sa ran ta riski kakar bana.

Kafin nan ka sa yaro ya ɗauko min hoton ƙarƙashin tsohuwar, wajen da sifirin ya kama shasi da ƙasan akwati. Ina zargin ba ta gaji yadda kake faɗa ba. Ka gaishe min da Kawu, ka ce masa har yanzu ina da ƙaramar gudumar da ya ba ni, ita nake ɗaukowa idan oga ba ya kallo.

Ƙaninka.